Ganyen Da Ya Faɗi Bai Ɓace Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kafa duwatsu, Ya fitar da tsiro iri iri daga ruwa guda. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana ne a kan ganye. Kada wani ya raina abin. A aya ta 59 cikin Suratul An'am, inda Ubangiji ke ba da labarin yalwar saninSa, bai ambaci rana ko wata ba, sai Ya ambaci ganyen da ke faɗowa daga itace, Ya sanar da mu cewa ko guda ba ya faɗuwa a ɓoye gare Shi. Mai karatu ya dubi abin da mai shara ke tarawa kowace safiya a gindin bedi ɗaya tak cikin hunturu, sa'an nan ya kwatanta da itatuwan duniya duka tun ranar da aka fara tsiro. Wannan lissafi ya fi ƙarfin ɗan Adam, na Allah ne Shi kaɗai. Amma cikin rahamarSa Ya keɓe 'yan kaɗan daga cikin ganyayen nan, Ya adana su cikin dutse, domin bayinSa masu dubawa su karanta wani abu daga labarin ƙasar da suke takawa.

Ga yadda abin ke faruwa. Yawancin ganye in ya faɗi, akuya ta cinye shi, ko gara, ko kuwa ya ruɓe ya koma ƙasa. Amma wani sa'i guda cikin dubbai yakan faɗa cikin tafki mai kwantaccen ruwa, ya nutse, laka mai laushi ta rufe shi tun bai ruɓe ba. Wani kuma tokar dutse mai aman wuta ce ke binne shi. Wata laka ta hau kan wata, shekara da shekaru, nauyi ya yi ta dannawa, har lakar ta sandare ta zama dutse mai falle-falle kamar takardun littafi. Ranar da mai haƙa ya sa guduma ya tsaga, sai ga ganye kwance, da jijiyoyinsa, da gefensa, har da hujin da tsutsa ta yi masa. Duk wanda ya taɓa ganin sawun kaza a kan daɓen siminti ya fahimci asalin abin. Kazar an daɗe da yanka ta, sawun yana nan.

Kada kuma a zaci Turawa ne suka fara lura da wannan. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayani cikin littafinsa Kitabus Shifa'i a kan tsiro da dabbobin da kan rikiɗe su zama dutse. Tsaransa Abu Raihan Albiruni ya lura da cewa in aka haƙa rijiya a hamadar Larabawa akan tarar da katantanwa da wuri manne cikin dutse, ya kafa hujja da haka cewa wurin da can teku ne. Waɗannan malamai umurni suka bi, domin aya ta 20 cikin Suratul Ankabut ta hore mu da mu yi tafiya cikin ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. Ashe kenan an bar abin dubawa a cikin ƙasar, don Allah ba ya aiken bawa ya nemo abin da babu.

To, mu nan me aka bar mana? Mafi yawan ƙasar Katsina, kamar su Dutsin-ma da Ƙanƙara da Malumfashi da Funtuwa, tana zaune ne bisa tsohon dutse mai tauri, wanda zafi da matsi suka dafa can cikin ƙasa, irin wannan kuwa ba ya riƙe sawun ganye. Amma ta arewa, wajen iyaka da Jumhuriyar Nijar, akwai shimfiɗar yashi da tsakuwa da laka wadda kogunan da suka zubar. Masana ilmin ƙasa sun sa mata suna Gundumi, watau sunan dajin nan na ƙasar Sakkwato. A cikin wannan shimfiɗa, ta can ɓangaren Sakkwato, an sami gumaguman itace waɗanda suka zama dutse, na dangin itatuwan da ba su yin fure, masu shekara fiye da miliyan 100. Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana cikin waɗanda suka yi rubutu a kansu cikin shekarun 1970. Gungume yana jure gurzar tsakuwa, ganye kuwa ba ya jurewa, shi ya sa irin wannan ƙasa ta fi ba da itace.

Mai tafiya Agadas in ya ratse wajen Ingal da Marandet, a gindin tudun Tigidit, zai ga irin gumaguman nan kwance a fili, a wurin da yau inuwar da raƙumi zai fake ma sai an nema. Gaba da nan, a Gadufawa cikin hamadar Tenere, an tono ƙasusuwan wani kada mai tsawon da ya wuce mita 9, da na wata ƙatuwar dabba mai kiwo wadda haƙoranta suka haura 500. Kada ba ya zama inda babu kogi, mai haƙori 500 kuma ba yashi yake ci ba. Haka nan kwal ɗin da ake haƙa a Anu Araren, arewa da Agadas, ana ƙonawa ana ba Agadas da Arlit wutar lantarki, shi ma ragowar tsiro ne da aka binne fiye da shekara miliyan 300. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya ba da labari, kamar yadda Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa kafin tashin Alƙiyama ƙasar Larabawa za ta koma makiyaya da koguna. Mai tunani ya tsaya a kan kalmar komawa.

Na san a nan wani zai ce, Malam dakata, wane irin shekara miliyan 100 kuma, alhali an halicci sammai da ƙasa cikin kwana 6? Wannan tambaya ta dami 'ya'yanmu da yawa da ke makarantun boko, har wani yaro kan ji kamar an ce masa ya zaɓa tsakanin imaninsa da jarrabawarsa. Amsa ita ce, Alƙur'ani mai girma bai ƙayyade wa duniya shekaru ba. Shi da kansa ya nuna mana cewa yini a wurin Ubangiji ba lalle ne ya zama irin namu ba, domin aya ta 47 cikin Suratul Hajji ta ambaci yini mai tsawon shekara 1,000, aya ta 4 cikin Suratul Ma'arij kuma ta ambaci mai tsawon shekara 50,000. Malam Ibnu Hazmin na Andalus ya faɗa ƙarara cewa Musulmi ba su yanke wa shekarun duniya wani adadi sananne ba. Su kuwa masana, hanyar ƙidayarsu ita ce, cikin tokar dutse mai aman wuta akwai sinadarai, irin su yuraniyam ɗin da ake haƙa a Arlit, masu rikiɗewa sannu a hankali bisa wani ma'auni da ba ya sauri ba ya jinkiri. In an auna abin da ya rikiɗe da abin da ya rage, sai a san tsawon lokacin da ya wuce. Wannan awo ne na ɗan Adam, ana gyara shi in an sami ma'aunin da ya fi. Saboda haka ba mu mai da shi aƙida, ba mu kuma ja aya da ƙarfi don ta dace da shi. Amma wanda ya kafirta yaro don ya rubuta miliyan 100 a takardar jarrabawa ya ɗora wa addini abin da bai ce ba, ya kuma kori yaron daga ilmin da kakanninsa suka yi fice a kansa. Birnin nan na hasumiyar Gobarau shi ya fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Yanzu mu koma ga ganyen, mu ji abin da yake faɗa. Abu na farko shi ne girmansa. Dubi ganyen bagaruwa da na gawo, ƙanana ƙwarai, don kada rana ta shanye ruwan itacen. Sa'an nan dubi faffaɗan ganyen da ake ɗaure huhun goro da shi daga kurmi. Inda ruwa ya yawaita ganye yakan yi faɗi, sau da yawa kuma yakan yi tsini a ƙarshe kamar na durumi, don ruwa ya ɗige ya sauka. Da wannan awo aka karanta ganyayen wani tsohon tafki a Mahenge cikin ƙasar Tanzaniya, masu shekara wajen miliyan 46. Yawancinsu dangin wake ne, watau dangin tsamiya da ɗorawa, har da wani ɗan'uwan bagaruwa, aka kuma ƙiyasta ruwan da wurin ke samu a shekara tsakanin milimita 640 da 780. Wannan ba shi da nisa da abin da ƙasar Katsina ke samu. Ashe daji irin namu, mai rani da damina, tsohon abu ne a Afirka.

Abu na biyu gefen ganye. A 1915 waɗansu masana biyu na Amurka, Bailey da Sinnott, suka lura da cewa a ƙasashe masu zafi yawancin itatuwa gefen ganyensu sumul yake, kamar na mangwaro da gwaiba da gamji, a ƙasashe masu sanyi kuwa yawanci yana da haƙora kamar zarto. Na san mai karatu zai tsinko ganyen bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, ya ce ga haƙora a ƙasar zafi. Gaskiyarsa. Shi ya sa ba a yanke hukunci da itace ɗaya, sai an tara iri masu yawa daga wuri guda an ga ɓangaren da ya rinjaya, kamar yadda alƙali ba ya yanke babbar shari'a da bakin mutum ɗaya.

Abu na uku ido ba ya ganinsa sai da madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. A jikin kowane ganye akwai ƙofofi dubbai waɗanda yake shaƙar iskar kabon ta cikinsu, ita ce yake haɗawa da ruwa da hasken rana ya yi abincinsa. In iskar ta yawaita, itatuwa da dama sukan rage yawan ƙofofin, don ta nan ne ruwansu ke tsiyayewa. A 1987 wani masani a Ingila mai suna Woodward ya duba busassun ganyayen da aka adana cikin shekara 200, ya tarar ƙofofin sun ragu da wajen kashi 40 cikin 100, daidai lokacin da hayaƙin masana'antu ke ƙaruwa. Da irin wannan ƙidaya ake gane yawan iskar kabon ta zamanin da daga ganyen dutse. Subhanallahi! Ganye bai da baki bai da alƙalami, ga shi yana ba da shaidar iskar da ya shaƙa.

Inda na fi so mu daɗe shi ne maganar ƙwari, don ita ta fi shafar rumbunmu. Alƙur'ani bai raina cin ƙwaro ba. A aya ta 14 cikin Suratu Saba'i, ba wani abu ya sanar da aljannu rasuwar Annabi Sulaimanu, alaihis salamu, ba sai ƙwaron da ya ci sandarsa. Cizon ƙaramar halitta shi ya tona gaskiyar da ta ɓuya ga masu da'awar sanin gaibi. A ƙarshen Suratul Fili kuma an kamanta rundunar Abraha da ganyen da aka cinye, waɗansu malaman tafsiri suka ce ana nufin ganyen shuka wanda tsutsa ta ɓarnata. Kowane manomi ya san wannan kama.

Kowane ƙwaro da irin cinsa. Fara takan ci daga gefe. Wani ya huda tsakiya. Wani ya kankare naman ganye ya bar jijiyoyi kamar rariya. Wani ya sa baki ya tsotse ruwan, kamar darɓa. Wata tsutsa kuma takan shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa ta yi ta haƙa rami mai lanƙwasa, kamar an ja fari da alƙalami. Duk waɗannan suna fitowa a dutse, masana kuma sun tsara su har iri 150 a 2007. Ƙwaron kansa da wuya a same shi, don jikinsa ba ya jurewa, amma cinsa yana nan, da shi ake gane yawansu da irinsu.

To, wajen shekara miliyan 56 da suka wuce, iskar kabon mai yawa ta fita cikin sararin duniya, zafi ya ƙaru da digiri 5 ko fiye. A wani kwari da ake kira Bighorn, cikin jihar Wayomin ta Amurka, akwai ganyayen kafin zafin da na tsakiyarsa da na bayansa, jere bisa juna. Da zafin ya zo, sai itatuwan wurin suka kau, dangin wake masu ƙananan ganye suka maye gurbinsu. Wata masaniya mai suna Ellen Currano da abokan aikinta sun duba ganye fiye da 5,000, suka buga sakamako a 2008: a tsakiyar zafin nan ne cin ƙwari ya fi yawa, ya kuma fi yawan iri. Ana ba da dalili biyu. Zafi yana hanzarta haihuwar ƙwari da cinsu, yana kuma buɗe musu ƙasashen da sanyi ya hana su da. Sa'an nan ganyen da ya tashi cikin iskar kabon mai yawa yakan rage sinadarin gina jiki, sai ƙwaro ya ƙara ci kafin ya ƙoshi, kamar yaron da aka dama wa kunu tsararo, sai ya sha kwano biyu. A 2022 kuma aka gwada ganyen dazuzzukan yau da na dutse, aka tarar cin ƙwari a yau ya ɗara na da.

Mutumin Katsina ba baƙo ba ne ga wannan. Dattawa suna tuna 1975, shekarar da cutar da darɓa ke yaɗawa ta kwantar da gyaɗar Arewa, bayan farin da ya gabace ta. A 2016 tsutsar nan mai haƙa rami cikin ganye ta cinye tumatir a Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa, har uwargida ta koma ƙirga ƙwaya a kasuwa. A wannan shekara dai baƙuwar tsutsar masara ta bayyana a Nijeriya daga nahiyar Amurka. Ba zafi kaɗai ya kawo waɗannan ba, jirage da fatauci suna da hannu. Amma iskar kabon da take kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu yanzu ta wuce 420, kuma masana sun ƙiyasta saurin fitarta a yau ya kai ninki 10 na wancan tsohon zamani. Abin da dutsen Bighorn ya nuna ya isa ya sa mai gero da wake ya buɗe kunne.

A nan kuma wani kan ce, to ai ka faɗa da bakinka, yanayi ya sha sauyawa tun babu mutum, saboda haka ikon Allah ne, mu ba ruwanmu. Ikon Allah ne, babu shakka. Mutane ma sun sha mutuwa tun kafin a haifi mai kisan kai, amma wannan bai wanke shi ba. Aya ta 41 cikin Suratur Rum ta danganta bayyanar ɓarna a tudu da teku ga abin da hannun mutane ya aikata. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, ya nuna cewa duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su. Gaskiya ne ba manomin Jibiya ko na Kaita ya cika sama da hayaƙi ba, wannan alhaki yana wuyan manyan ƙasashe masu masana'antu, kuma wajibi ne shugabanninmu su faɗa musu haka ba tare da jin kunya ba. Amma kiryar da aka sare aka toya gawayi, da madacin da aka kwaye wa ɓawo har ya bushe, da ɗorawar da aka tumɓuke don faɗaɗa gona, waɗannan gatarinmu ne.

Ganyen dutse ya kuma nuna mana yadda gyara ke da wuya. Shekara miliyan 66 da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a gaɓar ƙasar Meziko. A jihar Dakota ta Arewa an tarar fiye da rabin irin tsiron wurin sun ɓace, ƙwarin da ba su cin komai sai itace iri ɗaya kuma suka bi su. Kafin cin ƙwari ya koma yawan irinsa na da sai da aka yi wajen shekara miliyan 9 a arewacin Amurka, miliyan 4 a kudancin Ajantina. A can Ajantina ɗin ne ma, a wani tsohon tafki mai shekara miliyan 52, aka sami ganye fiye da iri 100 a wuri guda, har da na itacen turare, wannan dai da muke dasawa don kare iska. Turare da bedi suna da amfani, Allah Ya saka wa waɗanda suka dasa su. Sai dai layin itace iri ɗaya bai zama daji ba. Kowane itace da ƙudan zumarsa da tsuntsunsa da maganinsa, cikin ƙwarin nan kuma akwai masu barbarar fure da masu cin 'yan'uwansu maɓarnata. In kaɗanya ta ƙare a gari, ba ita kaɗai ta tafi ba. Hadisin Anas, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya sanar da mu cewa Musulmin da ya dasa itace yana da ladan sadaka a kan abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare shi. Manoman ƙasar Maraɗi, maƙwabtanmu, tun cikin shekarun 1980 suka koma barin tohon da ya fito daga kututture a gona suna yi masa aski maimakon su sassabe shi, har gawo da sauran itatuwa suka dawo da miliyoyinsu. Ba su jira an kawo musu iri daga waje ba.

Akwai wata nasiha ta musamman ga masu haƙar rijiya da masu fasa dutse da masu ɗibar yashi, musamman a arewacin jiha. Wanda ya ci karo da dutse mai kamar itace, ko mai zanen ganye ko kifi ko katantanwa, kada ya ce aikin aljannu ne ya gudu, kada ya kai wa boka ya daka ya ba mutane su sha, kada kuma ya yi sha'awar ɗan kuɗin da mai fita da shi waje zai ba shi. Ya lura da wurin da ya same shi, da zurfin gaba nawa, da irin ƙasar da ke sama da shi da wadda ke ƙarƙashinsa, domin dutsen da ba a san inda ya fito ba kamar wasiƙa ce wadda ba a rubuta mata kwanan wata ba. Sa'an nan ya sanar da mai unguwa, a kai shi gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ko sashen ilmin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. In falle ne mai ganye, a naɗe shi cikin tsumma, kada a wanke shi da ruwa, don irin wannan laka in ta jiƙe takan marmashe.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare amfanin gonarmu daga fara da tsutsa, amin.